Kwafi na Uku a Gidan Kifi

Duk wanda aka turo min ya koyi aiki, kafin ya cika mako sai ya faɗa min magana ɗaya: wai ai ajiya ce kawai, ka zuba abu a inji ka koma ka zauna. Na gaji da amsa wannan da baki, shi ya sa na rubuta. Ku karanta sau ɗaya, ku huta, ni ma in huta.

Sunana Zulai, a unguwar New Bell ta Duwala aka haife ni. Karatuna a aji na biyun ƙarshe na sakandare ya tsaya. Sau biyu ina zama jarrabawar probatuwa tana ƙina, na ce to kowa ya kama gabansa. Kawuna Alhaji Garba, ƙanin mahaifiyata, ya zaunar da ni a ofishinsa ina buga wa mutane takardu ina yin fotokofi. Da har yau ina kan wannan kujerar in ba don Mista Ngwa ba. Injiniya ne daga Buea. Lokacin da rikicin yankinsu ya yi zafi aka yanke musu rezo, wato layin intanet, sai ya ɗauko jaka ɗaya da kwamfutarsa ya gangaro Duwala kamar sauran jama'a. Shi ya shawo kan Alhaji cewa akwai ƙananan ma'aikatu da yawa da ba su da ƙarfin sayen babban injin ajiya, amma suna son a adana musu kayansu. Aka fara da ofisoshi biyu na masu fitar da kaya daga tashar jirgin ruwa, da wata makaranta, da wata klinik ta haihuwa a nan unguwarmu.

Ga yadda abin yake. Injinanmu goma sha ɗaya ne a lokacin, a wurare biyar: biyu a ofis, sauran a shaguna uku da sito ɗaya na mutanen Alhaji, ana haɗa su da eriya a kan rufi. A wurin mai amfani duka rumbu ɗaya ne. Amma in klinik ta ajiye hoton eko na mai ciki, ba wuri ɗaya yake zuwa ba. Ana yanka shi gunduwa-gunduwa, a kulle kowace gunduwa yadda ba mai iya karantawa, a yi mata kwafi uku, a watsa. Abin da ke gaya wa kowane kwafi inda zai sauka shi muke kira taswira. Rubutu ne, shafi biyu: inji kaza yana wuri kaza, diskinsa yana ɗaukar kaza, kuma ba a yarda kwafi biyu na abu ɗaya su kwana ƙarƙashin rufi ɗaya ba. Sukundireba da tocila da buroshin kakkaɓe ƙura duk ina da su a jaka, amma sana'ar tana cikin shafi biyun nan.

Aikin farko da Ngwa ya ba ni shi ne manna wa kowane diski lamba. Mako biyu ina wannan, ina gunaguni. Sai wata safiya ya ce in zare wayar wutar wani inji da ke cikin aiki. Na ce ba zan yi ba, ba ni da abin biya. Ya miƙa hannu ya zare da kansa. A allo layin injin ya koma ja. Ya ce in buɗe wani hoton klinik, na buɗe, ya fito ba ko jinkiri, don akwai sauran kwafi biyu a wasu wurare. Ya ce to mu jira minti goma. Da minti goma ya cika, fankokin ɗaya injin suka ɗauki ƙara, fitilun diski suka hau ƙiftawa. Rumbun ya fitar da rai da wanda aka zare, ya fara ƙera sabon kwafi na uku na duk abin da ke cikinsa. Ngwa ya ce nan ne hankalin abin, kuma nan ne haukansa, domin bai san bambancin wanda ya mutu da wanda ya zaga bayi ba. Rabi da Faransanci ya faɗa, rabi da Pijin, kuma ba ya maimaita magana.

Aikin da ya fara ba ni kunya kuwa wani sabon diski ne, babba, ya ninka na da sau huɗu. A taswira kowane diski yana da nauyi, lambar da ke cewa ga yawan kayan da za a ɗora masa. Ran Litinin da safe na saka shi, na rubuta masa nauyinsa cikakke lokaci ɗaya, ina jin na iya. Nan take duk wurare biyar suka hau turo masa kaya ta eriya, hanya ta cushe. Masu fitar da kaya suka kasa buɗe takarda ko ɗaya, ga direbobin Cadi sun cika musu ofis suna jira. Ngwa bai yi min faɗa ba. Ya sa na hau benskin, babur ɗin haya, na je da kaina na ba su haƙuri, na tsaya na sha zagi da Hausa da Larabci da Faransanci. Daga ranar ban ƙara ɗora wa diski nauyi sai kaɗan-kaɗan ba, in ƙara, in duba hanya, in sake ƙarawa. A wurinsa kuma na koyi cewa kwafin da aka fi karantawa a sa shi kusa da mai karantawa, hotunan wannan watan su hau diski mai sauri, sakamakon ɗaliban shekarun baya su sauka kan tsofaffi masu nawa, ba wanda zai yi kuka.

Sai muguwar shekara ta zo. Ngwa ya samu aiki a waje ya tafi, ya bar min taswira da lambar wayar da ba ta shiga. New Bell ta cika da waɗanda suka gudo daga rikicin, ɗaki ɗaya mutum takwas. Klinik ta cika maƙil da mata, da yawansu sun baro katin awonsu a gidan da ba za su koma ba, don haka abin da aka ajiye a wurinmu shi ne kaɗai tarihin cikinsu. Diski ya yi wuyar samu. Wuta kuwa, ɗaukewarta ta fi zuwanta.

A cikin wannan ne Juma'a ta fara yi mana ciwo. Kowace Juma'a, daga wajen ƙarfe ɗaya saura, wasu hotuna su ƙi buɗewa sam, sauran su yi ta jan ƙafa har zuwa Asabar da yamma. Ofis yana rufe daga sha biyu zuwa uku ranar, ni ma gida nake tafiya. In na dawo na duba, sai in ga wurare huɗu sun mutu kusan lokaci ɗaya, sun dawo bayan awa biyu. Rumbun kuma ya yi haukansa: ya ɗauka sun mutu, ya danno komai kan injina biyu na ofis har sun kusa cika, da suka farfaɗo ya hau mayarwa. Na ce kamfanin wuta ne, me kuma zai zama? Makonni biyar ina zaginsu a banza.

Wata Asabar shugabar ma'aikatan jinya ta klinik, wadda kowa ke kira Majo, ta sauka daga benskin a ƙofar ofis da farar rigarta. Ba ta zauna ba. Ta gaya wa Alhaji cewa jiya an kawo musu wata mata tana zubar da jini, likita yana son ganin ekon da aka yi mata a baya don ya san inda mabiyiya take kafin ya taɓa ta, hoton ya ƙi fitowa. Sai da suka sake wani, lokaci ya tafi. Allah ya yi da sauran kwanan matar da jaririnta. Sannan ta juyo ta dube ni.

“Juma'a ɗaya na ba ku ku gano. Ta biyu in ta zo haka, mun kwashe kayanmu.”

Da ta tafi Alhaji ya ce min ba ɓoye-ɓoye, in klinik ta fita sauran ba za su riƙe injinan ba, zai sayar da su, ni kuma ga injin fotokofi can yana jirana.

Juma'ar farko ban tafi gida ba. Na ɗauki kwamfuta na tafi kasuwar Dakar ta nan Duwala, shagon Baba Sale, aminin Alhaji tun suna yara, mai sayar da tukwane da kayan roba. Injinanmu uku suna can ƙurya a kan kanta, tsakanin kwalayen filas. Niyyata in ga da idona minti nawa ne wuta ke ɗaukewa, in rubuta, in je in yi ƙorafi da hujja. Na kifa bokiti na zauna. Sha biyu da rabi Baba ya yi alwala, ya zura babbar riga, mai gadinsa ma ya sa tasa.

“'Yata, fito zan rufe.”

Ina tattara kayana sai na ga ya miƙa hannu sama, bayan ƙofa, ya sauke disjonta, babban makunnin shagon gaba ɗaya. Ondila, batirin da ke riƙe injina na ɗan lokaci, ta fara kuka. A shagon da ke maƙwabtaka kuwa fanka tana juyawa, rediyo yana kiɗa.

“Baba, me ka yi yanzu?”

“Wuta na sauke.”

“Injinan fa?”

“Ban taɓa injinku ba. Alhaji ya ce kada a taɓa, ban taɓa ba.”

Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce tun da aka yi gobarar nan a wani layin shaguna, ranar da wuta ta dawo da ƙarfi ba kowa a wurin. Bayan sallah masu shaguna suka zauna suka yi shawara: ba a barin wuta a shagon da ba mutum. Da dare mai gadi yana ciki, sauran salloli a ƙofar shago ake yi, wannan ya yi wancan ya tsare. Juma'a ce kaɗai kowa ke tafiya. Na ce sauran shagunan biyu da siton Alhaji Musa na Bonaberi fa? Ya ce ai shi ya ba su shawarar, har ya yi murmushi. Na ce masa ya daina, kuma na san ban faɗa da ladabi ba. Bai yi fushi ba. Ya ce ni ban taɓa tsayawa na ga dukiyar shekara talatin tana narkewa ba, shi ya gani, kuma ba zai tsaya a sahu zuciyarsa tana shago ba. Ya kulle ƙofa, ya ce in gaida Hajiya mahaifiyata.

A kan benskin ina dawowa na gane gaskiyarsa ce, kuma laifin na taswira ne. Taswira ta ce muna da wurare biyar. Ran Juma'a wurare biyu muke da su: ofis, da masallaci. Duk hoton da kwafinsa uku suka faɗa cikin wurare huɗun nan, to ya tafi sallah tare da masu shagon.

Washegari na zayyana wa Alhaji. Na ce ina bukatar wuri na shida, mai wutar da ba a saukewa, in kai injina uku can. Ya fara lissafo min sunaye, kowanne Alhaji wane. Na ce a'a. Na ce Mami Odil, mai ɗakin sanyi na kifi a kasuwar Grand Hangar, can Bonaberi ƙetaren kogi, wadda mahaifiyata ta yi shekara da shekaru tana sarin kifin suya a wurinta. Tana da gurup, janareta mai tashi da kansa, domin kifi ba ya jiran kamfanin wuta. Alhaji ya ce kayan nan amanar mutane ce, har da hotunan cikin matan mutane, shi kuma ba ya ajiye amana sai wurin wanda yake haɗa kafaɗa da shi a sahu. Na ce ba mai iya ganin komai a ciki, ko ni. Ya ce ba wannan ba ne, in wani abu ya faru, wa zai je ya samu? Bai san ubanta ba, bai san garinsu ba.

“Kawu, matsalar ke nan. Duk amintattunka lokaci ɗaya suke tafiya.”

Ya ce wannan bakin nawa ne ya sa probatuwa ta ƙi ni. Amma ran Lahadi da yamma, bayan Mami ta dawo daga coci, ya sa babbar riga ya saya goro, muka ƙetare gada. Ya zauna a ɗan ofishinta da ke saman ɗakin sanyi ya yi mata tambayoyi kamar mai neman aure wa ɗansa: 'yar ina ce, wa ke riƙe makulli, 'ya'yanta nawa. Ta amsa duka, sannan ta mayar masa da nata. Ta ce akwatin nan ba ya fashewa? Ba na siyasa ba ne, kada jandarmomi su zo mata? Ta ce in na tsafi ne ya faɗa mata tun yanzu, don ita ma tana da nata a ƙarƙashin tebur kada su yi faɗa. Alhaji ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce kafin mu tafi ta sa masa kwali ɗaya na kifin makaro, a matsayin baƙo. Ta ce baƙo ma biya yake yi.

Litinin na ɗauko inji ɗaya-ɗaya daga shaguna uku na kai mata. Ba a cikin sanyin na sa su ba, raɓa za ta kashe su. A ofishin sama, kan layin gurup. Har yau in na buɗe su don kakkaɓe ƙura, ƙarnin kifi ne ke fara gaishe ni. Na sake rubuta taswira. Na raba wurare gida biyu, masu tafiya Juma'a da masu zama. Na ce kowane abu lallai kwafinsa ɗaya ya sauka wurin masu zama. Na klinik kuwa biyu, ɗaya a ofis ɗaya a gidan kifi, na uku ya je shago. Na kuma gaya wa rumbun cewa in mai tafiya Juma'a ya yi shiru, ya jira awa uku kafin ya yi masa makoki, ba minti goma ba. Sannan na fara ɗora nauyi kaɗan-kaɗan, na sa kayan klinik a gaba.

Shi ya sa in na je duba sabon wuri yanzu kuke ganin ina ɓata lokaci da mai gadi maimakon in auna ƙarfin rezo. Wa ke riƙe makulli? Wace rana ce ba kowa? Wa ke taɓa disjonta? In an yi rasuwa a dangi, shaguna nawa ne ke rufewa tare? Inji ba ya gaya maka waɗannan.

Kuma kada ku ɗauka na gama wayo. Ran Laraba ina kan rufin Mami ina ɗaure wayar farantin eriya, tana ƙasa tana cin gyaɗa tana kallona.

“Ma fille, 'yata, wannan farantin naku ina yake kallo?”

“Siton Alhaji Musa. Daga can yake ƙetarawa New Bell.”

“Alajin da ke kashe wuta ran Juma'a?”

Na zauna a kan kwanon rufin. Na kwashe injina daga hannun masu tafiya, amma hanyar zuwa wurinsu na bar ta a hannunsu. Da an shiga Juma'a haka, kwafin yana nan lafiya a gidan kifi, ba mai iya kai wa gare shi. Dole eriyar Mami ta kalli ta ofis kai tsaye ta saman kogi, ga wani bene ya tare. Alhamis da safe na samo mai walda ya ƙara wa sandar tsawo, ana yayyafi, yana mita cewa wuta za ta ja shi. Rabin yini kwafi ya tsaya cak. Da na samu eriyoyin suka ga juna la'asar ta wuce, kuma na san ba za a gama komai kafin Juma'a ba. Na dakatar da na makaranta da na masu fitar da kaya, na bar wa klinik hanya ita kaɗai. Juma'a da hantsi gunduwarta ta ƙarshe ta sauka.

Sha biyu Alhaji ya fito da darduma a kafaɗa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya tambaye ni ko ya kira Baba Sale ya roƙe shi, yau ɗaya kawai. Na ce a'a, in ba ta tsaya yau ba, ba za ta tsaya mako mai zuwa ba. Ya tafi, ya bar ni ni kaɗai da allo.

Ɗaya saura kwata shagon Baba Sale ya koma ja. Bayan minti uku na biyu ya bi, sai na uku. Siton Alhaji Musa ya ɗan jima, da alama ya makara, sannan shi ma ya tafi. Layin gidan kifi yana nan kore. Na buɗe hoton eko na makon jiya, ya fito. Na buɗe na bara, ya fito. Minti goma ya cika, na kasa kunne ga fankoki, ba su ɗaga murya ba. Na ajiye waya a gabana ina jira ta yi ƙara. Ɗaya ta yi, ɗaya da kwata, ɗaya da rabi. Haƙuri ba halina ba ne, sai na kira da kaina.

“Wace ce?”

“Zulai ce, Majo, ta wurin Alhaji.”

“Me ya lalace kuma?”

“Ba komai. Hotuna suna buɗewa?”

“Suna buɗewa mana. Don wannan kika kira ni? Mata shida ne a benci suna jirana.”

Ta kashe.

Wajen biyu da rabi jajayen layuka suka fara komawa kore ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya karɓi ɗan abin da ya wuce shi ya ci gaba, ba hayaniya. Ƙarfe uku Alhaji ya shigo, ko takalmi bai cire ba ya tambaye ni me Majo ta ce.

Na ce, “Kashe min waya ta yi.”

Ya ce, “Alhamdu lillahi,” ya wuce ciki ya cire babbar rigarsa.